Tumun da Bai Ƙosa Ba

Jiya da la'asar na bi ta bakin kasuwa, sai ƙamshin tumu ya tare ni. Wata mata ce zaune gaban kasko, tana jujjuya zangarniyar sabon gero a kan garwashi. Na tsaya kamar mai ciniki, amma ban sayi komai ba. In ka taɓa murza tumu mai zafi a tafin hannu, ka hure ƙaiƙayin, ka watsa a baki, to ka san abin da nake nufi. Ni dai ba yunwa ƙamshin nan yake tayar mini ba. Kaura Namoda yake mayar da ni, bayan gidan ma'aikata da muka zauna, inda kakata take da ɗan fegin gero.

Fegin bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, tsakanin katanga da madafa. Kowace damina Kaka, mahaifiyar babana, sai ta shuka shi da hannunta, kuma ba don tuwo ba, don ni. Wai ranar da aka haife ni tana gashin tumun farko na shekarar, ta ji kukana, ta ruga ɗaki ta bar shi a wuta. Tun daga nan ta mayar da tumu ranar haihuwata. Babana yana da ranar a rubuce, amma Kaka ba ta yarda da ita ba.

"Takarda ta san mi?" in ji ta. "Ni ina gashin tumu anka haihe ka, har nib bar shi yaƙ ƙone."

Saboda haka duk shekara, da geron ya ƙosa, sai ta karyo zangarniya mafi cika, ta gasa, ta murza mini a hannunta. Ba wanda zai ɗanɗana kafin ni, ko Baba. Tana zuba mini a tafi tana cewa, "Maigida, ka ƙara shekara, amma har yau ko zane ba ka ɗunka man ba." 'Ya'yan malaman kwalejin kimiyya ta garin suna raba biskit a aji ranar haihuwarsu, ban taɓa jin ƙyashinsu ba. A ganina nawa ya fi, tunda shuka shi ake yi.

Shekarar da zan cika goma ita ce shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, jihar da ita kanta ba ta daɗe da samuwa ba. Baba magatakarda ne a kotu, kuma a lokacin ana ta juya ma'aikata, wannan a kai shi can, wancan a kawo shi nan. Wata ranar Asabar ya dawo gida ya ce an mayar da shi Shinkafi, kuma kafin Asabar ta zagayo sai mun bar gidan, don wanda zai gaje shi ya riga ya iso da iyalinsa suna raɓe a gidan wani. Sannan ya yi ƙasa da murya ya faɗi sauran. Gidan da ya samu a can ɗaki biyu ne, ga mu yara rututu. Kaka za ta koma wurin Baffa, ƙanensa, a wani ƙauye bayan Zurmi.

Kaka ta jawo sandarta. Ta tashi ta zagaya bayan gida, na bi ta. Geron ya fidda kai, ya gama bununi, amma ƙwayar ba ta yi ƙwari ba. Ta sa farce ta matsa guda, wani farin ruwa ya fito kamar madara.

"Bai ƙosa ba," ta ce. "Rana shika so."

Rana kuwa ita ce babu. Marka ake yi, irin yayyafin nan da ke wuni ya kwana, sama ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Gida ya hargitse. An kwance gado mai rumfa na Inna, mahaifiyata, ƙarafunan suna jingine a zaure. Inna da ƙanwarta suna naɗe kwanukan jere cikin tsofaffin zannuwa, ana cusa su a buhu. Randa ta tsage wajen ɗagawa, Inna ta zauna ta yi kuka, kuka irin wanda kowa ya san ba na randa ba ne. Maƙwabta suna ta shigowa sallama da neman gafara, kowacce da ɗan ƙullin daddawa ko kuka. Ko'ina warin danshi da kananzir. Ana aike na in ɗauko igiya, sai a same ni a fegi ina matsa ƙwayar gero.

Ba abin da ban yi ba. Na yi addu'a bayan kowace salla Allah Ya fito da rana. Na zazzage ganyen da ke rufe zangarniyoyin wai don haske ya same su. Har garwashi na ɗebo a murfin kwano na riƙe a ƙarƙashinsu, Kaka ta kama ni ta yi dariya har da tari, ta ce ba a yi wa gero gaggawa. Daga ƙarshe na tari Baba yana ɗaure akwati, na roƙe shi a ƙara mana mako guda kawai. Na zaci zai daka mini tsawa. Sai ya saki igiyar ya dube ni, idonsa ja.

"Abin ba hannuna shike ba," ya ce. "Da hannuna shike, kana ganin ina barin uwata?"

Ranar na fara sanin cewa akwai abin da ya fi ƙarfin babana, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Safiyar Asabar motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida. A-kori-kura ta kayanmu, da wata tsohuwar tasi da Baffa ya sha wahala kafin ya samo, don lokacin an fara hana 'yan kabu-kabu masu babur ɗaukar mata. Ana ta lodi, direba yana ta faɗa ruwa zai sauko. Kaka ta ce kada a kashe murhu. Ta shiga fegin da sandarta, ta duba wannan ta duba wancan, ta karyo zangarniyar da ta fi dama-dama. Ta durƙusa ta ɗora a wuta.

Ba ta yi ƙamshi ba. Tsuwa ta yi ta yi tana hayaƙi, ta yanƙwane. Kaka ta murza a tafinta, ta hura, komai ya tashi. Ta sake murzawa ta hura a hankali. Baƙar toka kawai ta rage a hannunta. Ta daɗe tana kallonsa, ni ma ina kallo, hawaye yana zubo mini.

Sai ta goge hannun a zanenta, ta kama kunnena ta ɗan ja.

"To, Maigida, bana ba ka ƙara ba. Kana nan ga tara. Kak ka yarda wani ya ƙara maka, sai baɗi in na gasa."

Motocin suka fita tare. A mararraba tamu ta miƙe hanyar Shinkafi, tasu ta karya ta Zurmi. Ina zaune a kan buhun kwanuka, na ga gefen mayafinta a taga, sannan ban ƙara gani ba. An ce da hutu za a kai ni. Hutun ya zo Baba ba shi da sukuni, na biyu ya zo Inna ta haihu. Kaka ta rasu da bazara, ko ruwan shuka bai sauka ba.

Yanzu ni ma na fara furfura. Fegin nan an dame shi da siminti, an yi shago. Ƙauyen da kabarinta yake kuwa, mutanensa sun watse saboda 'yan bindiga, gonakin sun zama daji, hanyar ma ba mai binta sai ta kama dole. Na sha cewa bana zan je in yi mata addu'a a kansa, bana ta wuce ban je ba.

'Ya'yana kek suke yankawa ranar haihuwarsu, ni nake saya musu, ban hana ba. Kwanan baya autata ta hau cinyata ta ce, "Abba, kai shekarunka nawa?" Na faɗa mata na takarda. Na Kaka ban faɗa ba. Tara ne, kuma babu mai ƙara mini.