Littafin Gyaran Motar Mahaifina da Hakkin da Na Ɗauka

Assalamu alaikum, Malam Edita, da sauran masu karatu.

A shekarar da annobar korona ta sa aka kulle gari, ba a fita sai ranakun da hukuma ta ware, a shekarar ne na gaji motar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, ina zaune a Dutse Uku cikin Jos da iyalina, ina da ɗan shagon yadi a Kwararafa. Ban yi boko ba. Karatuna na allo ne da na zaure, duk abin da zan rubuta da Ajami nake rubutawa, har wannan wasiƙar ma maiɗakina ce, wadda malamar firamare ce, ta juya mini ita zuwa boko. Mutane suna mini shaidar haƙuri. Abin da ba su sani ba shi ne ina da saurin zargi, sai dai in bar shi a ciki yana ruruwa.

Motar tsohuwar motar alfarma ce ƙirar Jamus, baƙa, doguwa, mai kujerun fata, ta girmi aurena nesa. Tun ina saurayi bakanike ɗaya ne ke taɓa ta, wani dattijo Ibo, Kirista, mai gareji a Anguwan Rukuba. Hajiya yake kiran motar. Ta sanadin mahaifina ne mutanen unguwarmu da dama suka riƙa kai masa motocinsu, suna tsallake garejin da ke kusa da su. Ranar jana'iza ya zo ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu, har aka watse.

Bayan rasuwar na kai masa motar sau biyu, duka biyun na dawo da abu a raina. In na tambaye shi me ya gyara, sai ya yi dariya ya ce ɗan Alhaji ya je ya auna yadinsa, ya bar masa Hajiya, tsohuwa ce ba ta son yawan hannu. Zuwana na biyu kuma, ina shiga rumfarsa na ga ya sa ƙafa ya tura wani buhu mai maiƙo ƙarƙashin benci, na ji ƙarar ƙarfe a ciki. Da na ba da labarin a majalisarmu ta ƙofar masallaci bayan la'asar, wani abokina ya kaɗa kai, ya ce ai kayan cikin irin wannan motar sun fi motar daraja, kuma da zarar mai ita ya mutu sai a riƙa zare na asali ana cusa na banza, tunda magaji bai san komai ba. Kalmar nan ta magaji bai san komai ba ita ta zauna mini.

Sai na ƙudurta zan koyi gyaran da kaina, tunda ga kulle, ga zaman gida. Na shiga neman littafin da zai koya wa ɗan koyo. Na farko da wani ya aro mini da Jamusanci ne. Na biyu ya kai kaurin bulo, cike da zanen wayoyi, maiɗakina ta duba ta ce wannan na injiniyoyi ne, ita ma bai karantu mata ba. Wata ranar sassaucin kulle na je wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a cikin gari, wani ya zaro mini ɗaya da aka yi hotonsa a inji aka ɗinke, kowane shafi da hoto, an nuna ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Hoton motar da ke bango kuwa tamu ce sak. Ya rantse mini ko yaro ya bi shi zai gyara mota.

Kullum da hantsi sai mu shimfiɗa tabarma kusa da motar, tana karantawa tana fassarawa, ni kuma ina rubutawa da Ajami a gefen shafi. Na koyi juye baƙin mai, na koyi wanke fulogi, na koyi duba ruwan birki. Wallahi na ji daɗin kaina. Sai muka iso babin da ke bayanin yadda fetur ke shiga injin, a nan ne komai ya lalace. Hoton ya nuna wata na'ura mai siraran bututu, wadda ake kira injekta. Na buɗe gaban motata, babu ita, babu alamarta. A wurinta wata kafireta ce zaune, irin ta motocin haya. Na leƙa ƙasa wajen tanki, littafi ya nuna babban famfon mai, nawa kuwa ɗan ƙarami ne, an ɗaure shi da waya. Na tuna buhun nan da ƙarar ƙarfensa, zuciyata ta ce ga hujja.

Maiɗakina ta ce in je in tambayi mutumin tukuna, ai yana raye, kuma Anguwan Rukuba ba Makka ba ce. Na ce ɓarawo ba zai rasa amsa ba. Maimakon in je wurinsa, sai na ɗauki littafin na kai majalisa, na buɗe hoton, na ja mutane har gida suka gani da idonsu. Ban taɓa cewa ya yi sata ba, ka ji wayon shaiɗan. Cewa kawai nake yi a duba hoto a duba mota, kowa ya yi wa kansa hisabi. Cikin 'yan makonni mutanen unguwarmu suka janye daga garejinsa. Ya kira ni a waya sau biyu ban ɗauka ba. Ya aiko a tambaya ko Hajiya lafiya, ya kwana biyu bai gan ta ba, na ce a gaya masa ta samu wani likitan.

Daga nan na yi niyyar mayar da motar yadda littafi ya ce, in fara da abin da ya fi sauƙi. Na je kasuwar kayan gyara na samo babban famfo irin na hoton, na cire ƙaramin, na ɗaura shi da hannuna. Wata safiyar Asabar na tayar da ita, na bar ta tana ɗumi, ina tsaye ina jin kaina gwani. Ashe babban famfon yana turo mai da ƙarfin da kafireta ba za ta iya riƙewa ba. Fetur ya yi ta ambaliya a kan injin mai zafi, ban ankara ba sai wuta. Maƙwabta suka taso da yashi da jiƙaƙƙun barguna, Allah ya taƙaita, wayoyi da robobi ne suka ƙone, sai hannuna na dama da har yau akwai tabo. Da wutar ta kama fetur na tanki, da ta ci ɗakin 'ya'yana, don shi ne kusa.

A cikin ruɗanin ne wani ya kwashe kayan but ɗin motar ya zube a tsakar gida, har da tayar sifiya. A ƙarƙashinta aka samu wata tsohuwar gafaka a cikin leda. Na buɗe, na ga ɗan littafi da rubutun mahaifina, Ajaminsa mai kwanciya da ba zan taɓa kasa ganewa ba. Ashe shekara da shekaru duk abin da bakaniken ya gaya masa game da motar sai ya rubuta: irin man da take so, yadda ake lallaɓa ta da safe in sanyin Jos ya tsananta, ƙarar da in an ji a tsaya. A wani shafi ya rubuta cewa injektar ta gaji, an rasa mai gyara ta, shi da kansa ya ce a sa kafireta da ƙaramin famfo, kada kowa ya mayar da babban. Ya ƙara da cewa ya bar tsofaffin kayan amana a hannun bakaniken, mutum ne da bai taɓa cin masa ko ƙusa ɗaya ba. Littafin ɗan koyon da na karaɗe gari ina nema, da harshena, da rubutun da na iya, yana cikin motar tun farko.

Kwana uku na yi ina jin nauyin zuwa. Da na je, garejin shiru, mota ɗaya ce tak a ciki. Ya dubi hannuna a naɗe, bai tambaye ni komai ba sai ko yara lafiya. Na gaya masa duk abin da na yi, ban rage ba. Sai ya jawo buhun nan ya zazzage a gabana, ga injekta, ga babban famfo, an shafe su da giris. Ya ce ranar da ya tura shi ƙarƙashin benci, farar shaddata ya gani, kada ta ɓaci. Ya ce ya ɗauka Alhaji ya gaya mini komai. Abin da ya ƙona masa rai, in ji shi, ba rashin aiki ba ne, a'a, ya gaida wani tsohon mai kawo masa mota a hanya, mutumin ya kau da kai.

Na nemi ya yafe mini, ya ce ya yafe saboda Alhaji. Amma na san a karatunmu hakkin da aka ɗauka a bainar jama'a ba a sauke shi a ɓoye. Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauko shi a Keke har majalisarmu, na karanta shafin mahaifina da ƙarfi, na ce ni ne na yi ƙarya da hoto. Ya yi dariya ya ce wa jama'a oga ɗan Alhaji ya ci jarrabawar kanikanci, tunda ya ƙona mota ɗaya, saura tara ya zama cikakke.

'Yan'uwa, ban ce kada a nemi littafi ba. Amma littafi yana nuna mota ne yadda ta fito daga kamfani, bai san abin da shekaru suka yi mata ba, wanda ya riƙe ta shi ya sani. Kafin ka kai zarginka majalisa, ka kai tambayarka wurin mai ita. Ba duk waɗanda suka bar garejinsa ne suka koma ba, wannan kuwa ina neman gafarar Allah a kansa kullum. Ya gyara Hajiya, yanzu duk Asabar ina zama a bencinsa, yana faɗa ina rubutawa daga inda alƙalamin mahaifina ya tsaya. Ranar da na cika shafin farko ya miƙo mini buhun, ya ce amanar Alhaji ta isa hannun mai ita, ni ma ya sauke mini nauyin hakkinsa, babu sauran komai tsakaninmu.