Na ara wa abokina idona

Shekarun baya, lokacin gwiwata ba ta fara yi mini gardama ba, na yi aiki a filin jirgi na Yamai. Ku masu dariya, ban ce tuƙi na yi ba. Aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, malamin ajin ya ce wa babana ya maida ni gona kafin in lalata sauran yaran.

Wani kamfani ne mai ɗan jirginshi na kanshi, mai farfela biyu, yana kai manyan kamfanin zuwa arewa yana dawo da su. Mu ma'aikatan jirgin ba mu da yawa: matuƙa biyu, makanikai, da mu biyu na ƙasa, ni da abokina. Ni ke share cikin jirgi in ɗauko jakunkuna. Shi kuma in jirgi ya sauka ya tsaya, shi ke rugawa ya tokare tayoyi da katako don kada ya gangara.

Abokin nan nawa ɗan wani ƙauye ne kusa da Tabla. Tare muka yi kiwo, kuma shi ya samo mini aikin. Zanen fuskarmu ɗaya ne, na Kurfayawa, ga shi wanzami guda ya yi mana. Baƙin da ke kamfanin, in sun ga zanen, ba su ƙara duban sauran fuskar. Sau nawa babban matuƙi yana kirana da sunanshi ina amsawa, musamman in kyauta ce a hannunshi.

Akwai wata mata a biro, wato ofis, mai kula da ma'aikata, Madam muke ce mata. Kowa yana da takardu a wurinta: ranar da aka ɗauke ka, hutunka, katin shiga fili, har awoyin da matuƙa suka huta. Na taɓa ganin ta hana jirgi tashi don matuƙi bai cika hutunshi ba, mai kamfani yana kumfar baki, ita tana gyara kallabi. Mu dai a ganinmu an ajiye ta ne don korar mutane. Kowace shekara tana tura mu bizit, wato likita ya duba jikinka, ido da kunne, ya buga hatimi cewa ka isa aiki kusa da jirgi.

Wata shekara takardar bizit ta fito, muna cin dambu a gindin katanga, sai abokina ya ajiye cokali.

"Ɗan uwa, idon nan na hagu ya tahi."

"Ya tahi ina? Baleyara cin kasuwa?"

"Bar wasa. Kamar an zuba mini nono ciki. Na dama ma ya fara. In likita ya gani, Madam ta kore ni, mi zan ce ma inna?"

Shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarshi. Na dube shi, na dubi katinshi da ke rataye a wuya. Hoton ɗan ƙarami ne, baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai zane da haƙora.

Na ce, "Ba ni katin. Ni idona har kaska nake gani a kunnen saniyar maƙwabci."

"A'a, kai tsiyarka ta yi yawa. In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Su da ba su san mu biyu ba ne?"

Ya cire katin ya miƙo mini. Ku lura, ba shi ya roƙa ba. Ni na kawo shawarar, kuma ina jin daɗin kaina a lokacin.

Na yi bizit ɗina ran Litinin, na koma ran Alhamis da katinshi da wata hula. Likitan baƙo ne, bai ɗaga kai ba sosai. Aka auna tsawona, aka ɗora ni a sikeli. Da yake ba mu iya karatu, allon da ake nuna mana wani abu ne mai ƙafa uku, ka nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa. Na nuna har na ƙasan ƙasa. Likita ya ce bai taɓa ganin ido irin wannan ba, ya manta ran Litinin ma haka ya faɗa mini. Na fito da hatimi, muka yi ta dariya, abokina ya saya mini tsire.

Bayan wata huɗu, wata rana da hantsi, jirgi ya dawo daga arewa. Ƙa'ida ita ce ba a matsawa sai farfela duka biyu sun tsaya cak. Farfela in tana juyawa, ko mai lafiyar ido wani hayaƙi-hayaƙi kawai yake gani. Abokina ashe ya daɗe da daina dubawa, da kunne yake aiki: in ƙara ta faɗi, sai ya ruga. Ran nan matuƙi ya kashe inji ɗaya, ɗayan bai riga ya kashe ba. Ƙara ta ragu. Abokina ya ɗauki katakonshi ya nufi taya, farfelar mai juyawa tana ta wajen idonshi na hagu.

Ina tsaye da keken jakunkuna. Na kira sunanshi. Makanikai sun ce sun ji muryata har cikin rumfar gyaran jirgi, shi dai bai ji ba.

Ba zan faɗa maku abin da na gani ba. Ni na wanke shi.

Bayan kwana uku Madam ta kira ni biro. Ta rufe ƙofa, ta ajiye takardu biyu a gabana, ta san ba na karatu amma ta ajiye.

"Malam, wanda ya rasu, in zai shigo nan sai ya sunkuya. Haka ne?"

"Haka ne, Madam."

"Takardar likita ta ce tsawonshi da naka ɗaya, nauyinku ɗaya. Kai da ko kafaɗarshi ba ka kai ba."

Duk wayona ban tuna ni gajere ba ne. Na buɗe baki in yi ƙarya, abin da na fi ƙwarewa a kai duk duniya, ta ƙi fitowa. Na faɗa mata komi.

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta zauna ta dafe kai, ta ce, "Ni ma hatimin kawai na duba na jefa a dirowa." Can ta ɗago. "Kun san abin da nake yi in likita ya ce ido ya yi rauni? Ina cire mutum daga kusa da jirgi in sa shi a magaza, wurin ajiyar kaya. Yanar ido ce, ana cire ta, kamfani ke kai mutum. Mai gadinmu na ƙofa bara aka yi mishi. Don me ba ku tambaye ni ba?"

Mai gadin nan kullum muna gaisawa, na ga ƙyalle a idonshi, na ma tsokane shi. Ban taɓa tambaya ba.

Ta karɓi katina, ta rubuta abin da ya faru duka, har da nata sakacin. An sallame ni. Ita ma ba ta daɗe a wurin ba.

Na hau mota zuwa gida, na sauka Tabla na taka zuwa ƙauyensu da jakar kayanshi. Mahaifiyarshi tana zaune a ƙofar ɗaki, ta kama hannuna ta shafa zanen fuskata.

"Ɗana, Allah shi yi maka albarka, kai ka wanke shi." Sai ta ce, "Da ya zo da salla na ga yana laluben buta, hankalina bai kwanta ba. Ya ce likitan Yamai ya duba idon, ya ce lahiya lau. Gaskiya ne?"

Na ce, "Likita ya duba, inna. Ya ce lahiya lau."

"To, alhamdu lillahi. Kwana ne ya ƙare."

Ta rasu ba ta san idon wa aka duba ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma ni na san hannun da ya karɓi katin. Na ɗauka taimako ne in tsallakar da shi takarda, ashe takardar ce za ta ɗauke shi daga gaban farfela, ni na maida shi.

Yanzu ina noman gero a Filinge, tsokana kuma ban bari ba, ku tambayi mutanen majalisarmu. Bara nawa idon ya fara zuba nono, na hagu kamar nashi. Da likitocin ido suka zo gari na bi layi da kaina. Mai gwajin ta nuna mini allon nan mai ƙafa uku, ta ce, "Baba, ina ya dosa?"

Na daɗe ina kallo. Na ce, "Ɗiyata, ba na gani. Rubuta haka nan."