Guntun Taɓarya a Bayan Jar Ƙofa

Ranar wata Talata ce cikin watan Afrilu, ina aji biyar, ƙanwata Ramatu tana aji ɗaya. Rana ta take, an tara mu duka a babban zauren lakwal, wato makarantarmu, ana koya mana waƙar bikin ƙarshen shekara, sai muka ji ƙara kamar ƙasa ta tsage. Tukunyar gas ɗin matar da ke sayar mana da benga, wato dafaffen wake, a bakin babbar ƙofa ce ta fashe. Zauren nan tsohon sito ne na 'yan kasuwar atamfa, tagoginsa can sama kusa da kwano, ga tsofaffin tebura da kwalaye an jibge daidai mashiga. Kafin malaminmu, da muke kira mushe, ya rufe baki wuta ta tare hanyar fita, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu.

Akwai ƙofa ta biyu a baya, jar ƙofar ƙarfe da wani maƙeri daga unguwar Kossodo ya kafa. Ba ta da mariƙi ta waje. Ta ciki kuwa dogon ƙarfe ne a gicciye daidai ƙugun babban mutum. Da ka danna shi sai ya janye harshen makulli, ƙofa ta wangale waje. Mushe ya taɓa ce mana, "Wannan ko faɗa mata ka yi buɗewa take." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ni na mayar da ita hanyar gudu. Da an fita hutu sai in sulale ta nan da ƙawayena, mu tsallake kwata mu je jifar mangwaro, ko mu zauna carabke a lungu. Da yamma in koma gida in ɗauki bokiti zuwa famfo, in share tsakar gida, Inna tana sa mini albarka. Baba Salfo mai gadi ya kama ni ya fi a ƙirga. Da ya gaji sai ya samo guntun taɓarya ya cusa tsakanin ƙarfen da ƙofar don kada ya dannu. A gabana ya yi, yana cewa, "To ja'ira, sai ki bi ta rufi."

Ranar wutar nan kowa ya yi kan jar ƙofar. Wayyo Allah! Ina riƙe da hannun Ramatu aka fizge ta, na hango ta can gaba an matse ta jikin ƙarfen, bakinta a buɗe amma ba sauti. Manya na taka ƙanana, wani ya cije ni a kafaɗa, ni ma na yakushi fuskar wata ban san ko wace ce ba. Ana turawa, taɓaryar tana ƙara cijewa, don duk nauyinmu a kanta yake sauka. Ina ihu "Taɓarya! Ku cire taɓarya!" amma wa zai ji ni?

Baba Salfo yana ciki da sandarsa, da ma an sa shi ya tsawatar mana. Ya gane ba za ta fita ba sai an ja baya, yara kuwa ba za su ja baya da magana ba. Sai ya hau mu da duka, duka na rashin imani, a ka, a fuska, a hannu. Ya fasa mini goshi jini ya rufe mini ido ɗaya. Da wuri ya ɗan buɗe ya durƙusa ya doki taɓaryar ta ƙasa, ya sake doka, a karo na uku ta yi tsalle. Ƙarfen ya dannu, ƙofa ta watsar da mu waje kan juna. A ƙasan tarin aka zaro Ramatu, hannunta na hagu ya karye wuri biyu, ba ta numfashi. Wata maƙwabciya ta sheƙa mata ruwan randa, can ta yi tari.

Kafin 'yan kwana-kwana su iso, unguwarmu Zongo ta cika wurin. Iyaye suka ga jini a jikin 'ya'yansu, suka ji labarin taɓarya, suka rufe tsohon nan da duka da bulo da itacen girki. Na ga haƙoransa a ƙasa. Ina tsaye, na san saboda wa ya cusa ta, ban ce uffan ba. Daga likita aka wuce da shi ƙauyensu, ba mu ƙara ganinsa ba.

Yau irin ƙofar nan tana ko'ina, a banki, a otel, a manyan kantuna, an rubuta a sama kada a tare ta. Duk inda na shiga sai na leƙa bayan ƙarfen, har 'ya'yana suna yi mini dariya. Ramatu tana sayar da atamfa a kasuwar Sankaryaaré, da hannun dama take awo don na hagun bai ƙara miƙewa ba. Idan masu saye suka tambaya takan ce wani mugun mai gadi ne ya jawo mata. Har yau ban iya buɗe baki na gyara mata zancen ba.