Bidiyon Kakana da Tsohuwar Kwamfutata

Shekarun baya, ina ɗaliba, wata Laraba da ƙarfe huɗu da kwata na yamma kwamfutata ta fito mini da saƙo: wai manhajar da nake juya bidiyo da ita ta tsufa, in sabunta ta. Tun daga lokacin ban sake samun sukuni ba.

Ga yadda abin yake. Kakana ya rasu a Mawashi a waccan shekarar. Bidiyonsa ɗaya tak muke da shi, wanda ɗan kawuna ya ɗauka da babbar waya lokacin cirar gyaɗa. Yana zaune a gindin ɗorawa, yana ɓarar gyaɗa yana yi wa jikoki tsiya. Kakata ta ce a saka mata shi a wayarta, irin ƙaramar nan mai madannai, sai wayar ta ƙi buɗe shi. Da yake ni ce mai kwamfuta a dangi, aka aiko mini da bidiyon a katin memori har Kankia.

Tsohuwar manhajar ta yi iya ƙoƙarinta. In na juya bidiyon ta wata hanya, murya ta fito tar, amma fuska ta dagule kamar ana hango ta a ruwan kududdufi. In na bi ɗaya hanyar, fuska ta fito, murya kuma ɗif. An ce sabuwar tana haɗa duka biyun. To amma kwamfutar kwancen yayana ce, sai an tokare murfinta da littafi take tsayawa. Kuma na karanta cewa sabuwar tana goge tsohuwar in ta hau, sannan in kwamfuta ba ta da ƙarfi ta ƙi tashi. Ke nan ina iya tashi ba tsuntsu ba tarko, kakata kuma tana can tana jira.

Ni tambaya wuya take mini, na fi son in karanta. Na karanta bayanin manhajar nan har na kusa haddace shi. Da abin ya ishe ni na gaya wa ƙawata. Ta ce, "Ke dai danna kawai, Allah na nan." Na kira yayana, ya ce, "Kada ki kuskura! Tsohuwar nan lallaɓa ta ake." Na je kasuwa wurin mai tura fina-finai a waya, na tarar da samari cike da rumfar. Na tsaya, na tsaya, ƙarshe na sayi igiyar caji da ba na buƙata na dawo gida.

Kullum in buɗe kwamfuta, in kai hannu kan wurin sabuntawa, in janye. Har ranar da mahaifiyata ta ce, "Kakarki ta sake aiko a tambaya. Ni kam na gaji da ba ta haƙuri, ki je ki faɗa mata da bakinki."

Ran Juma'a na hau mota zuwa Mawashi, da bidiyon iri biyu a jaka da kunya fal ciki. Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale.

"A'a, 'yar boko! Mi ya tsaida ke? Ko riƙe mani tsohona kika yi?"

Na durƙusa na gaishe ta, na shiga yi mata bayanin tsohuwar manhaja da sabuwa. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, bar wannan karatun, nuna mani." Na kunna mata mai fuska, ta kalla tana ci gaba da tsinkar zogalenta. Na kunna mai murya. Da kakana ya yi dariyar nan tasa, sai ta ajiye zogalen, ta matso da kunnenta.

Har yau in na tuna sai in ji wani iri. Na tambayi kowa, na karanta komai, mai abin kaɗai na tsallake, don ina jin kunyar kai mata aiki rabi. Manhajar kuwa ban taɓa sabunta ta ba har kwamfutar ta mutu.

Da bidiyon ya ƙare na ce, "Inna, ki ƙara mini lokaci, zan gwada sabuwar ko za a samu duka biyun."

Ta goge ido da gefen zane ta ce, "Sa mani mai maganar. Fuskarshi tun ina yarinya nike kallonta, ko na rufe ido ga ta nan. Muryar ce ta fara ɓace mani."