Sadakar Ukun Inna a Setapak

Ranar da Inna ta cika kwana uku da rasuwa a Zariya, ina kulle a hawa na tara a Setapak, a ƙasar da nake karatu. Saboda annoba an rufe iyaka, an hana ziyara. Ban yi kuka ba, jikina dai ya mutu. Abu ɗaya na sa a gaba: in yi mata sadakar uku, abincin ya shiga bakin mutane su yi mata addu'a.

Na cika tukunya da dafa-duka, ni da ko shayi sai an dafa mini. Na kira abokin karatuna ɗan Filato ya zo ya taya ni rabo.

"Oga, ba hanya lah," in ji shi, da irin lafazin 'yan ƙasar. "'Yan zanga-zanga sun nufi majalisa, police sun tare ko'ina. Kar ka fito, ka tuna visa ɗinka."

Na buɗe waya na gan su, matasa cikin baƙaƙen kaya zaune a kan kwalta da kwalaye, suna cewa sun gaji da kulle. Ban ji haushinsu ba, ban ji tausayinsu ba. Na kashe wayar, na wanke farar rigata na shanya a taga.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce maƙwabciyata, 'yar ƙasar. Ta ajiye ledar shinkafa da ƙwai ta ja da baya. "Makan, makan," wato in ci. Da guntun Turancinta ta fahimtar da ni cewa a wannan kullen, wanda yunwa ta ci ƙarfinsa shi ke rataya farin ƙyalle a taga. Ni mai neman wanda zan ba sadaka, ni aka kawo wa. Na ce na gode. Bakina ya kasa cewa uwata ce ta rasu.

Na koma taga na dubi benen da ke fuskantar namu. Fararen ƙyallaye huɗu. Makonni ina ganinsu, na ɗauka shanya ce.

Na zuba abincin a robobi, na sa takunkumi, na tsallaka. Kowace ƙofa in ajiye, in ƙwanƙwasa, in juya kafin a buɗe. Babu wanda ya san Inna, balle ya ce Allah ya jiƙanta. Ni na riƙa faɗa a kan matakala, ni kuma nake amsawa da amin.