Janar ɗinmu na Siton Shinkafa

Shekarun da na yi ina dako a wani siton shinkafa a Birnin Masana'antu na Biyu, kudancin Riyadh, an ɗora mana wani mutumin Najeriya ya zama murakib, wato mai lura da leburori. Gajere ne mai tumbi, ko bindigar harbin kurciya bai taɓa riƙewa ba. Amma Allah ya jarabce shi da son wata rundunar sojan ƙasa ta Jamus, ta Yaƙin Duniya na Biyu. A waya ya tsinto ta. Ko a motar da ke kwaso mu daga unguwarmu ta Al-Jaradiya, muna gyangyaɗi, shi yana kallon tsofaffin hotunansu yana kaɗa kai kamar mai sauraron tafsiri.

Wata safiya ya jera mu a bakin sito, ya ce rundunar nan tana da kashi uku na masu tafiya a ƙafa, kashi guda na masu igwa, sai masu gina gada da masu kai saƙo. Mu ma ya kasa mu uku. Mai tuƙa injin ɗaga kaya ya zama igwa. Wani dattijo ɗan Maraɗi da ke dafa mana shayi ya zama sashen abinci. Muka riƙa ce masa Janar, ya ɗauka girmamawa ce.

Ran nan muna cin kabsa, dafa-dukan Larabawa, ya fara lissafo mana garuruwan da sojojin nasa suka ci. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Yallaɓai, ni ɗan Damagaram ne. Ƙanen kakana Faransawa suka ɗauka soja, aka kai shi yaƙin nan, bai dawo ba. A gidanmu ana cewa mutanen nan naka in sun kama baƙar fata, ba su cika ɓata lokacin tsare shi ba."

Ya ce, "Haba ɗan'uwa, wannan siyasa ce. Ni tsari nake koya muku."

"To ina tsarin ya kai su?"

"Sun shiga Faransa, sun shiga Rasha."

"Sun fito?"

Ya sha ruwa, ya ce sanyi ne ya ci amanarsu.

Da bazara ta kai bazara, tirela ta iso da tsakar rana, lokacin da hukuma ta hana aiki a fili. Direban ma ya shige inuwa ya kwanta. Janar ya ce a kai farmaki yanzu, wato a sauke kayan. Ba wanda ya motsa. Ya ce mutanen da suka tura igwa cikin ƙanƙara ba za su ji tsoron rana ba. Dattijon shayi ya ce, "Ranka ya daɗe, to bismillah, muna bayanka."

Kunya ta hana shi ja da baya. Ya tuɓe riga, ya sa aka aza masa buhu a wuya. Na farko ya kai shi yana nishi. Na biyu, a tsakiyar fili ƙafafunsa suka harɗe, ya zube, buhun ya fashe, shinkafa ta watsu. Muka ruga muka ɗora shi kan katakon kaya, igwa ta ɗauko shi zuwa inuwa. Muka yi ta kwara masa ruwa, don komai wautarsa yana da iyali a gida.

Da ya buɗe ido, ko godiya bai yi ba. Ya ce, "Mudir ya gani?"

Mudir, wato manajan siton, ya gani kuwa, ta tagar ofis. Balaraben ya sauko yana faɗa, "Esh haza? Majnun?" Wato mene ne haka, mahaukaci ne? Washegari aka mayar da Janar gadin ƙofa, yana ɗaga wa motoci sanda.

Bayan na canza kafili, wato ubangidan aiki, na koma tuƙi, na hange shi wata Juma'a a Al-Jaradiya. Ya tare wani mai guga ɗan Bangaladesh, wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, yana yi masa bayanin jiragen yaƙi masu nutso a teku. Mutumin yana ta guga, ko ɗago kai bai yi ba. Na tsallaka titi.