Gurbin Kimba a Takardar Zalika

A Tondi Bangu duk wanda ya iya ɗaure wando ya tafi Kumasi ko Libiya, in ban da taubashina Tinni. Shi ko rakiya ya je tasha sai ya yi kwana uku yana amai. Shi ya sa duk mai binciken da ya zo daga Yamai neman labarin 'yan cirani, gunsa ake kai shi. Ya amsa tambayoyin da za su cike rijiya.

Wansa Kimba kuwa shekara goma sha tara ke nan da tafiya. Saƙo ɗaya ya aiko daga Sabha ta Libiya, shiru ya biyo baya. Tinni ke nome masa gona, ya hana a raba ta. Ya rantse wai da rana tsaka yakan ji wata hauya tana sara a kunyar da ke gefensa, in ya tsaya ta tsaya.

Bana wata ɗaliba ta zo, Zalika, aka kai ta gun Tinni, tana zana zuriyarsu a takarda: namiji kamar kan bukka, mace kamar ƙwarya, mamaci a soke shi da layi. Ta soke kaka, ta soke uba, ta soke yara uku na shekarar ƙyanda. Ta iso kan Kimba.

"Kawu, yana raye?"

"Allah ya sani."

"Takardar ba ta da gurbin wannan, Kawu."

Baffansu Sumana ya tofar da goro. "Faɗa mata mana, sarkin amai! Mu yi masa addu'a mu raba gona. Ko kunkuru ne da ya dawo."

Aka yi dariya, ban da Tinni. Idonsa na kan alƙalamin, don tana jiransa bakin ya sauka a kan zanen Kimba ya bar ɗigo.

"Kin fara," ya ce.

"Ɗigo ne kawai, Kawu."

Ya fizge takardar, ya lashi yatsa ya shiga murzawa. Tawada ta bazu. Ya ƙara yawu, ya murza, ya murza, har takardar ta ɓule. Babu layi, babu Kimba, sai rami.



"To me zan rubuta?" in ji Zalika, murya ƙasa-ƙasa.

Tinni ya miƙa mata takardar. "Kai wa malamanki haka. In sun san amsa, su cike."